Ko Kun Sani?

Ƙarfin kilo 30 da na kilo 40 na iya haɗuwa su ba da 50, ba 70 ba! A ce bijimi ya turje a kasuwar Getso ta Gwarzo. Saurayi ɗaya na jan igiyarsa gabas da ƙarfin kilo 30, ɗayan arewa da 40, amma ko gezau. To, da ƙarfin kilo 50 bijimin ke ja, ya karkata digiri 53 daga yamma zuwa kudu. Dalili kuwa, jan gabas daban, jan arewa daban. Sai a ninka kowanne da kansa: 900 da 1,600, jimla 2,500, wato 50 sau 50. Da wannan lissafi injiniyoyi ke gano ƙarfin da ke kan wayoyin da ke riƙe turakun lantarki.