Yadda ake tafiya da daskararren abinci zuwa tsibiri

Yau zancenmu zai kai mu nesa, can ƙetaren teku. Zancen nama ne da sanyi da doguwar tafiya.

Mine ne tsibiri? Ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ta kowane gefe. Kudu maso gabas da Amurka akwai tekun Karibiyan, mai tsibirai da yawa. Biyu daga cikinsu su ne Sen Tomas da Sen Jon. Amurka ta saye su daga hannun Danmak a 1917. Mutanen Amurka sukan je can hutu, su kama hayar gida na mako ɗaya ko biyu, su dafa abincinsu da kansu.

To, noma kaɗan ne a tsibiran nan. Ruwan sha ma, gidaje da yawa na sama suke tarawa. Kusan duk abinci jirgin ruwa ke kawo shi, don haka yana da tsada ƙwarai. Shi ya sa wasu masu hutu ke tahowa da namansu, da kajinsu, da cuku da man shanu cikin kayan tafiya. Dabara ce mai rage kashe kuɗi. Amma in ba a iya ta ba, zawo da amai ake ɗauko ma iyali.

Ku riƙe wannan da kyau: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Kwantar da su kawai yake yi. Nama ya daskara a digiri 18 ƙasa da sifiri, ƙwayoyin suna nan, suna kwance. Da zarar ɗumin naman ya wuce digiri 5, sai su farka su shiga hayayyafa. In sun samu ɗumi sosai, wasu cikin minti 20 ɗaya ke zama biyu. Mu yi lissafi. Cikin awa 2, ɗaya ta zama 64. Cikin awa 6, ta wuce dubu 260. Saboda haka masana lafiya suka ce kada ɗanyen nama ko madara su wuce awa 2 cikin ɗumi. In zafin wuri ya wuce digiri 32, awa 1 ce kawai.

Yanzu mu ƙidaya awoyin matafiyi. A ce daga Niyok ya tashi. Jirgin sama zuwa Sen Tomas wajen awa 4 yake yi. Amma naman ba daga tashin jirgi ya fara narkewa ba, tun daga fitowarsa firigo ne. Awa 1 zuwa filin jirgi. Awa 3 na jira. Awa 4 a sama. Sen Jon ba shi da filin jirgi, sai an sauka Sen Tomas, a jira kaya, a hau mota zuwa tashar Red Huk, a shiga jirgin ruwa na wajen minti 20. Mu sa awa 2. Awa 1 kuma kafin a kai gidan haya. Nawa ke nan? Awa 11. In jirgi ya makara kuwa, sai abin da ya ƙaru. Mai hankali shirin kwana guda cur yake yi.

Yaya ake shiryawa? A sa naman ya daskara tun kwana biyu kafin tafiya, har ya yi tauri kamar dutse. A matse iska daga ledarsa, a ƙara leda ta biyu, don kada jini ya tsiyaya bisa tufafi ko bisa cuku. Akwatin sanyi, wanda wasu ke ce ma kula, shi ma a sanyaya shi tun dare. Kada a ɗauko shi daga ɗaki mai zafi a zuba kaya.

A jera daskararren nama a ƙasa, a matse shi ƙulli jikin ƙulli. Kun san babbar ƙanƙara ta fi ƙarama daɗewa. Haka nan nama, in ya haɗu wuri ɗaya shi ke riƙe ma kansa sanyi. Cuku da man shanu, da ba a daskarar ba, a sa su a sama cikin tasu leda. Duk gurbin da ya saura a cusa tsumma ko takarda. Akwati cikakke ya fi rabin akwati riƙe sanyi. A rufe a ƙarshen shiri, kuma kada a buɗe a hanya don a leƙa. Ɗanyen kifi da niƙaƙƙen nama, in ba su daskara ba, a bar su gida. Kuma a tuna da sikeli: kamfanonin jirgi da yawa kilo 23 suke yarda ga akwati guda.

Ƙanƙara fa? Ta ruwa tana narkewa ta jiƙa kayan mutane, kuma kamfanoni da yawa ba su karɓar ta a sake. An fi amfani da ƴan ledoji na musamman da ake daskararwa. In cikin jakar hannu ne, masu bincike na Amurka suna son su same su da tauri. Wadda ta fara narkewa, ruwa ce a wurinsu. Tun 2006 aka hana shiga jirgi da kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100, bayan an gano wani shirin kai hari a Ingila.

Akwai kuma busasshiyar ƙanƙara. Ba ruwa ba ne, iskar karbon ce aka daskarar, sanyinta digiri 78 ƙasa da sifiri. Ba ta jiƙa kaya, iska take komawa. Nan kuwa haɗarinta yake: in an toshe akwati gam, iskar na iya fasa shi. Doka ta ce kilo 2 da rabi ga mutum guda, da iznin kamfanin jirgi, da rubutu a jikin akwati, da kafar fitar iska. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, ƙuna take yi.

Saura ƴan duwan. Daga Amurka zuwa Sen Jon ƙasa ɗaya ce, ba wuya. Amma tsibirin Tortola, da ake hangowa daga can, na Ingila ne, dokarsa daban. Kowane tsibiri da tasa doka kan nama da madara. A tambaya kafin a saya, a bar takardar kanti a jikin leda, a faɗi abin da aka ɗauko. Kada ku ce tsanani ne. Cutar zazzaɓin aladu ta Afirka tana rayuwa watanni cikin daskararren nama. Ta shiga Jamhuriyar Dominikan a 1978, ta ƙetara Haiti, da suke tsibiri guda. A 1982 da 1983 sai da aka kashe kusan duk aladun Haiti, talakawa suka rasa dukiyarsu. A 2021 cutar ta sake ɓulla a tsibirin.

An iso gida. Aikin farko, kafin wanka, kafin hutu, a buɗe akwati a taɓa kowane ƙulli. Wanda ke da sauran ƙanƙara a ciki, a maida shi ya daskara. Wanda ya narke amma yana da sanyin firigo, a dafa shi yau ko gobe. Wanda ya yi ɗumi, kuma ba a san tun yaushe ba, a zubar. Kada a dogara ga hanci, don nama na iya ɗauke da cuta bai yi wari ba. Wuta ma ba kullum take gyarawa ba: akwai ƙwayoyin da ke barin dafi cikin nama, wanda dafuwa ba ta kashe shi.