Ɗan Ƙudan da Ke Bin Ayaba

Duk wanda ya taɓa ajiye ayaba ko mangwaro a ɗaki har kwana uku, ko ya bar ɓawon lemo a kwandon sharar ofis ranar Juma'a ya komo ranar Litinin, ya san 'yan ƙudajen nan masu jajayen idanu, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 3 ba, amma sai su yi ta shawagi a fuskar mutum yana tsakar rubutu, su faɗa masa cikin shayi, har ransa ya ɓaci. Jama'a da dama suna zaton daga cikin ɗan itacen suke halittuwa, alhali kuwa ƙanshin tsami ne ke kiransu daga waje, domin abincinsu shi ne yis ɗin da ke yaɗuwa a kan abin da ya soma ruɓa. A nan macen take zuba ƙwai, ɗaruruwa a tsawon rayuwarta, su ƙyanƙyashe cikin kwana guda, kuma muddin akwai ɗumi, cikin kwana 10 tsutsar ta zama ƙuda, ita ma ta kama haihuwa.

Saboda haka, a ganina, wahalar banza ce a bi su da tafi ko feshi matuƙar makwancin ƙwan yana nan, wato tumatirin da ya lalace a ƙarƙashin kwando, ko tsumman goge tebur da aka bari da danshi, ko bakin magudanar wanke-wanke. A kawar da waɗannan tukuna, sa'an nan a zuba ruwan khal a ƙoƙo, a ɗiga sabulu, ragowar za su faɗa su nutse.

Abin mamaki, wannan saurin haihuwa da ke damunmu shi ne ya ɗaukaka darajar ƙudan a wurin malamai, domin mai nazarin gadon halitta yana iya ganin zuriya bayan zuriya cikin 'yan watanni. A shekarar 1910, a Jami'ar Columbia ta birnin New York, Thomas Hunt Morgan ya tsinci namiji guda mai fararen idanu a cikin jajaye, ya bi diddigin jikokinsa har ya kafa hujja cewa siffofin da 'ya'ya ke gada suna da mazauni takamaimai a cikin ƙwayar halitta, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1933. A cikin kwalaben madara yake kiwonsu shi da almajiransa, suna ciyar da su da nunanniyar ayaba.