Ɗokin 'Yan Kallo Jari Ne a Kasuwar Bidiyo

A 2003 gidan talabijin na Fox da ke Amurka ya dakatar da Futurama, wasan zane mai ƙagaggen labarin kimiyya. Masoyansa ba su haƙura ba. Suka yi ta sayen faya-fayan tsofaffin shirye-shiryen, har cinikin ya sa kamfanin ya sake lissafi. A watan Nuwamba na 2007 aka fitar da Bender's Big Score kai tsaye a faifan DVD, uku suka biyo baya zuwa 2009.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki Turmin Danya a kaset. Daga baya masu shirya fim suka ƙware wajen yanke labari daidai inda ya yi daɗi, a liƙa fosta, a bar jama'a da jiran kashi na biyu. A lokacin, daga Ƙofar Wambai kaya kan tashi zuwa unguwannin Hausawa na kudu irin su Sabo a Mokola, Ibadan. Amma dillalin da kayansa suka makara, sau da yawa yakan tarar masu satar kwafi sun riga shi kwashe cinikin.