Mariƙin ludayi: zaman iyali a inda Zamfara ta tsuke ta taɓo Nijar

Uwargida, in da sauran data a wayarki, buɗe taswirar Zamfara ki ja ta da yatsa zuwa arewa. Daga Gusau ki bi ta Ƙaura Namoda, ki wuce Moriki. Za ki ga jihar da ta baje a kudu tana ta tsukewa, Sakkwato ta matso ta wannan gefe, Katsina ta wancan, har ta kai ɗan bakin da ta taɓo Jamhuriyar Nijar ta ƙasar Zurmi. Kamar ludayi ne, ga ciki ga mariƙi. Masu zama a mariƙin suna da matsaloli nasu na daban.

Irin wannan zirin ƙasa ya fi fitowa fili a Namibiya, inda zirin Kaprivi ya miƙe kusan kilomita 450 tsakanin Angola da Zambiya da Botswana. A 1890 Jamus ta karɓe shi a yarjejeniya da Ingila don ta kai ga kogin Zambezi, ta samu hanyar jirgin ruwa zuwa gabas. Ashe gangaren ruwan Victoria na gaba, jirgi ba ya wucewa. Mutanen wurin aka bari da iyakar.

Tamu ma a teburin Turawa aka yanka ta. A 1898 Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato suka kira ta iyaka. Faransawa suka koka cewa hanyarsu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka gyara layin a 1904 da 1906. Babu wanda ya tambayi Katsinawan Maraɗi ko Gobirawan Tsibiri, waɗanda danginsu ke wannan ɓangare. Daga baya gwamnatocin soja suka ƙara nasu yankan: Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Zamfara ta fita daga Sakkwato a 1996. Shi ya sa goggonki da ke aure tafiyar babur daga gidanku take ƙarƙashin wani gwamna, ko ma tana cefane da sefa.

Ba ki jin layin nan sai ranar da hukuma ta tuna da shi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A cikin wannan rufewar, hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar don masu fasa-ƙwauri, amma mai injin niƙa da ɗan acaɓan da zai kai mai naƙuda asibiti su ma ta hau kansu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris 2024.

Batun tsaro ya fi ciwo. Askarawan Zamfara na Zamfara ne, jami'an sa-kai na gwamnatin Katsina na Katsina ne, sojan Nijar kuma ba ya tsallakowa haka kawai. Ɗan bindiga kuwa ba ya neman izini. Daji ɗaya ne ya haɗa Zurmi da Jibiya da ƙauyukan Maraɗi. Ki tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako: ba a daɗe ba sai da aka katse a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, don an gane layin taswira ba katanga ba ne. Tun 2019 kuma dubban iyalai daga jihohin nan uku, yawanci mata da yara, suka tsere zuwa yankin Maraɗi.

A irin wannan gudu ne takarda ke nuna amfaninta. Yaron da aka haifa a gida, ba takardar haihuwa, da wuya a tabbatar ɗan wace ƙasa ne in an tsallaka, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ki nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ga kowane yaro, ki haɗa da katin rigakafi da na awon ciki a leda ɗaya, kusa da hannu. Ki ɗauki hotonsu a waya, ki tura wa wata 'yar'uwa da ke Gusau ko Kano. Katin rigakafin nan kada ki raina shi, domin ma'aikaciyar jinya a Jibiya ko Maraɗi da shi za ta san allurar da ta rage wa jaririnki, ba sai ta koma farko ba.

In 'yarki za ta yi aure a tsallake, ki sa nata takardun cikin kayan ɗaki, tare da lambobin waya biyu, ta Najeriya da ta Nijar.