Inda Aka Bar Fada Ya Sauka: Mishan ɗin Katolika da Rabon Ilimi a Arewa

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Arewacin Najeriya ya ɗiga alama a kan tsofaffin makarantu da asibitocin ɗarikar Katolika, zai ga alamomin sun taru a gefe-gefe: Shendam, Jos, Kafanchan, Zonkwa, Minna, Yola. 'Yan kaɗan da suka faɗo tsakiyar ƙasar Hausa kuwa a bayan ganuwa suke, cikin Sabon Gari ko kusa da tashar jirgin ƙasa. Turawan mulki ne suka shata wannan iyaka fiye da shekara ɗari da suka wuce, don biyan buƙatar kansu, kuma a ganina har yau a kanta muke tafiya. Ita ta yanke wa zai riga shiga aji, wa zai makara. Ita ce kuma ta taimaka wajen ɗaure addini da ƙabila wuri guda a Arewa, har ya zama da wuya a taɓa ɗaya ba a taɓa ɗayan ba.

Katolika sun fara gwada shigowa ta hamada tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria mutumin Genoa da Severino mutumin Silesia, sun taso daga Tarabulus suka bi ayari ta Fezzan da Agadas, suna neman Borno da wasu Kiristoci da aka ce akwai a Kwararrafa. A Katsina ajali ya same su a 1711, ba su bar coci ko mabiyi ba. Shigowar da ta yi saiwa ta kogi ta biyo. A 1884 limaman SMA, ƙungiyar mishan da aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, suka sauka Lokoja. Zazzaɓi ya yi musu ɓarna, aikin bai yi auki ba, suka mai da hedikwatarsu Asaba.

Abin da ya tsara komai daga baya shi ne alkawarin da Lugard ya yi bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addinin Musulunci ba. Waɗanda suka biyo bayansa, musamman Girouard da Charles Temple, sun faɗaɗa alkawarin ya zama hana 'yan mishan zama a cikin masarautu. Dalilinsu a bayyane yake. Turawan ba su da yawa, da sarakuna suke mulki, kuma tawayen Satiru na 1906 ya nuna musu yadda wutar addini take saurin kamawa. Ban da wannan, da yawa daga cikin razdanoni ba sa son irin ɗan bokon da mishan ya haifar a Legas, mai karanta jarida yana ja da hukuma. Sarakuna da malamai su ma ba su so baƙon ba, kuma suna da hujja: shugabannin mishan na wancan zamani, Katolika da Furotesta, ba su ɓoye cewa tsere suke yi da Musulunci a kan al'ummun da ba su musulunta ba.

Shi ya sa da limaman SMA uku, Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren, suka sami izinin kafa tasha, sai ta kasance a Shendam, ƙasar Goemai, inda suka isa a watan Fabrairu na 1907. Shekarun farko noma suka yi don su ci da kansu, masu karɓar baftisma kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abin ya sauya ne bayan aikin ya koma hannun limamai 'yan Ireland, masu jin Turanci, waɗanda suka ga irin nasarar da makaranta ta kawo wa cocinsu a ƙasar Ibo. A 1934 aka raba aikin mishan na Arewa gida biyu, Kaduna da Jos. 'Yan ƙungiyar Agustin suka shiga Adamawa a 1940, 'yan Dominikan daga Amurka suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, suka zauna a Gusau.

Coci biyu ne suka girma a ƙarƙashin suna ɗaya. Na farko cocin baƙi ne, wanda ya biyo titin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, da ma'adinan kuza na Jos: akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, akasari Ibo. Wannan coci bai taɓa rayuwar mutanen cikin ganuwa ba sai ta makaranta da asibiti. A idon Bakano ko Bazazzagi na wancan lokaci, coci kayan Sabon Gari ne, tare da otal da gidan giya, kuma wannan kallon bai gama gushewa ba. Na biyu cocin ƙauye ne, a tsakanin Goemai da Berom da Bajju da Atyap da Tiv da sauransu, kuma shi ne ya sauya Arewa.

Me ya sa waɗannan al'ummu suka karɓa? Wa'azin Fada kaɗai ba zai bayyana shi ba. Da yawansu suna ɗauke da tabon hare-haren kamun bayi daga masarautu, sannan Turawa suka zo suka ɗora musu hakimai daga Zazzau ko Bauchi ko Adamawa. Ga mutumin da ke biyan haraji ta hannun wanda kakansa ya gudar wa zuwa kan dutse, musulunta tana kama da miƙa wuya, addinin gargajiya kuma ba ya ba shi abin da zai tsaya da shi gaban alƙali ko jami'in En'e. Makarantar mishan ta ba shi hanya ta uku: karatu, Turanci, aikin albashi, da addinin da ke da littafi da 'yan'uwa a ƙetare. Wannan gaskiya ce mai ɗaci ga mu Hausawa, amma wanda ya tsallake ta ba zai fahimci Kudancin Kaduna ba. Akwai kuma ƙaramin dalili mai tasiri. Mishan na Furotesta irin su SIM da SUM sun haramta wa mabiyansu burukutu, alhali a ƙauyukan nan da ita ake gayya, da ita ake biki da makoki. Fada bai haramta ba, ya dai hana maye. Wannan sassauci ya buɗe masa ƙofofi da dama.

Wanda tarihi ya fi yi wa rowa a labarin nan shi ne katikis. Fada ɗaya yana iya riƙe ƙauyuka masu yawa, yana leƙa kowanne bayan makonni, a kan keke, daga baya babur. Mai zama da mutane kullum shi ne wani saurayi da ya yi aji uku ko huɗu, wanda ke koyar da yara baƙi da wasali da safe a rumfar ciyawa, ya jagoranci addu'a ran Lahadi a rumfar nan, ya rubuta wa mutane wasiƙa, ya raka mara lafiya asibiti, a kan albashin da bai kai ya kawo ba. Shi ne ya san wane dattijo za a fara gaisarwa kafin a nemi fili, da wace al'ada za a kau da kai a kanta. 'Ya'yan waɗannan katikis su ne suka zama malamai da nas-nas da sojoji da limamai na farko. Cikin ƙasa da shekara saba'in daga saukar Shendam, Gabriel Ganaka ya zama bishop na Jos a 1974, Peter Jatau ya zama babban bishop na Kaduna a 1975.

Wani sakamako da ba wanda ya shirya shi ne yaɗuwar Hausa. A yankin da kowane dutse da harshensa, ɗan mishan ba zai iya koyon duka ba, sai ya rungumi harshen kasuwa. Furotesta suka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Katolika suna sallarsu da Latin har zuwa shekarun 1960, amma koyarwa da wa'azi da waƙa a wurare da yawa da Hausa ake yi. Mutanen da suka shiga coci don su tsere wa mulkin Hausawa sai ga su suna kiran Allah da harshen Hausa, suna raɗa wa 'ya'yansu Bulus da Yohanna da Maryamu. Hausa ta ƙaru da miliyoyin masu magana, ƙananan harsuna kuwa sun biya kuɗin.

Ba harshe kaɗai aka rasa ba. An koya wa yara su raina dodon garinsu da bukukuwan kakanninsu a matsayin aikin duhu, aka raba ɗa da uba. Magidanci mai mata fiye da ɗaya ba ya samun baftisma sai ya sallami sauran, kuma matan da aka sallama su ne suka ɗauki nauyin wannan doka. Furotesta sun raba yankuna a tsakaninsu, Katolika ba su shiga wannan yarjejeniya ba, don haka ƙauye ɗaya kan wayi gari da makarantu biyu masu kishi da juna, dangi ɗaya sun rabu gida biyu. Makarantar kanta ƙugiya ce ta jawo mabiya, kuma limaman ba su taɓa musun haka ba.

Amma babbar asara, a nawa lissafin, ta faɗa kan ɓangaren da aka ce ana karewa. Gwamnatin da ta hana mishan shiga masarautu ba ta cike gurbin ba. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909 da Kwalejin Katsina da ta biyo baya don 'yan kaɗan aka yi su, yawanci 'ya'yan sarauta da na malamai. Talakan Kano ko Sakkwato ya tsira da addininsa, amma an bar shi ba hanyar boko da zai aminta da ita, kuma da yake a wurare da yawa boko da mishan tare suka zo, zarginsa ga ɗaya ya shafi ɗayan. Da 'yancin kai ya matso, sai aka tarar masu takardar shaida sun fi yawa a inda ba su da sarauta, masu sarauta kuma suna da ƙarancin masu takarda. Daga wannan rashin daidaito siyasar Tsakiyar Najeriya ta taso a shekarun 1950, rangadin musuluntarwa na Sardauna a farkon shekarun 1960 kuma ya ƙara wa kowane ɓangare tsoron ɗayan. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 suna da nasu dalilai na kusa, na wa'azi da fili da kasuwa da sarauta, amma a kan tsohuwar iyakar nan suka auku.

A birane ne kawai katangar ta ɗan tsage. Queen of Apostles a Kakuri tun 1940, St. John's a Kaduna tun 1949, makarantar sistocin St. Louis da suka iso Kano a 1948, da asibitin St. Gerard's tun 1957, duk sun karɓi Musulmi. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu don tarbiyya da ingancin karatu, yaran kuma suka fito da Musuluncinsu. A farkon shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, St. John's ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Niyyar tana da kyau: kada ilimin ɗan ƙasa ya dogara da addinin mai makaranta. Sai dai gwamnati ta karɓi gini ba ta iya riƙe kulawar ba. Da makarantun suka lalace, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, kowa na addininsa, aka rasa ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ɗan Musulmi da ɗan Kirista suke kwana ɗaki ɗaya.

Jamhuriyar Nijar tana nuna abin da ke faruwa idan babu al'ummun gefe masu yawa da za su karɓa. An buɗe mishan a Yamai a 1931, daga baya Zinder da Dogondutsi da Maraɗi, amma Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Cocin can ya zama na hidima, makarantunsa irin su Mariama cike da 'ya'yan Musulmi. Duk da haka a watan Janairu na 2015, a zanga-zangar zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙona coci-coci a Zinder da Yamai. Shekaru tamanin na makaranta da asibiti ba su goge kallon da ake yi wa coci na kayan Turawa ba.

A Najeriya kuwa tashin hankalin 1966 ya kwashe Ibo daga Sabon Gari, coci-cocin birane suka zama wayam. Wannan ya sa limamai suka ƙara juyawa ga Maguzawan karkarar Kano da Katsina da Zariya, da rijiya da ajin yaƙi da jahilci da ɗakin shan magani. Daga wannan aiki Hausawa Katolika suka fito, kuma a 2023 aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin yankin Malumfashi, bishop ɗinsa na farko. Samuwar waɗannan mutane ta karya lissafin da ya ce Bahaushe dole Musulmi ne, Kirista dole baƙo ne, ko da yake kokensu kan filin gina coci da guraben karatu da aiki a jihohinsu bai ƙare ba.

Turawan mishan kusan duk sun tafi ko sun mutu, aikin yana hannun 'yan ƙasa, amma har yanzu a gefen da hukuma ba ta kai ba yake da ƙarfi, kuma gefen nan ne yau ke hannun 'yan bindiga. A watan Janairu na 2020 aka sace ɗalibai daga makarantar horon limamai ta Good Shepherd kusa da Kaduna, aka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. A watan Nuwamba na 2025 aka kwashe ɗaruruwan yara da malamansu daga makarantar St. Mary's ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, makarantar da aka gina don 'ya'yan manoman yankin, irin su Kambari. Matakin da gwamnatin jihar ta ɗauka nan take shi ne rufe makarantu. Ɗan birni yana da inda zai koma idan an rufe tasa. Ga yaron da ke bayan Agwara, wanda iyayensa ba su taɓa shiga aji ba, rufe wannan makaranta na wata uku kan iya zama ƙarshen karatunsa gaba ɗaya.