Kalmomin da Mai Nema Ke Rubutawa a Google

Duk wanda ya taɓa buɗe Google a wayarsa ya rubuta "yadda ake", ya san kafin ya ƙarasa sai jerin jimloli su sauko masa a ƙasa, kowace tana tayin cika masa magana. Google ba da ka yake tsara su ba. Yawancinsu daga abin da jama'a suka sha rubutawa aka tattaro su. Ga mai wallafa rubutu a intanet, wannan ɗan jeri shi ne wuri na farko da zai leƙa, domin a nan yake jin bakin masu karatunsa tun kafin ya rubuta layi ɗaya.

Sai dai ya kamata a fara sanin yadda injin ke aiki. Akwai manhaja mai suna Googlebot da ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi dare da rana, tana kwafar abin da ta tarar ana adanawa. Idan mutum ya nemi abu, a cikin wannan ma'ajiya ake duba masa. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa kamfanin a 1998 suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, sun zo da dabarar PageRank: shafin da wasu shafuka masu daraja suka yi nuni gare shi, shi ake ɗagawa sama, kamar yadda ake yarda da ɗan kasuwar da dattawan gari suka tsaya masa.

A nan binciken kalmomi ke shigowa, kuma a nan sababbin marubuta suka fi yin asara. Mace ta iya girki, ta zauna ta rubuta bayani mai kyau, sai ta raɗa masa suna "Sirrin Uwargida". Mai nema kuwa abin da ta rubuta a waya shi ne "yadda ake haɗa kunun aya ba tare da ya lalace ba". Ba za su haɗu ba. Gajeriyar kalma irin "girki" tana da masu nema da yawa, amma manyan kafafe sun riga sun mamaye ta, kuma ba a san ainihin abin da mai rubuta ta yake so ba. Doguwar jimla masu nemanta kaɗan ne, gasarta ma kaɗan ce, sannan wanda ya rubuta ta ya riga ya faɗi bukatarsa ƙarara. Google da kansa ya ce kusan kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema kullum bai taɓa ganin irinsa ba, wanda ke nuna filin yana da faɗi ƙwarai.

Akwai kayan aikin binciken kalmomi na kyauta. Google Trends, da aka buɗe a 2006, yana nuna lokacin da neman kalma ke tashi da lokacin da yake sauka, har da yankin da aka fi nemanta. Wanda zai yi rubutu kan zakkar fidda kai, ya wallafa tun kafin goman ƙarshe na azumi, don injin ya samu lokacin ganinsa. Keyword Planner don masu talla aka yi shi, amma yana ba da ƙiyasin yawan masu nema a wata.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki guda. Mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa idan suna dannawa a waya, wasu kuma suna gauraya Hausa da Turanci ko Faransanci. Ya dace ya gwada neman kalmarsa ta kowace siga ya ga abin da ke fitowa, shi kuwa ya riƙe daidaitaccen rubutu.

Idan an samu jimlar, a sa ta a kanun rubutu, da sakin layi na farko, da adireshin shafin, da bayanin hoto. Iyakarta ke nan. A da, wasu kan cusa kalma ɗaya sau hamsin, ko su ɓoye ta da farin rubutu a kan farin shafi. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motocin BMW na Jamus daga sakamakonsa na ɗan lokaci saboda shafukan yaudara. A 2011 jaridar New York Times ta fallasa cewa an dasa dubban mahaɗan saye don ɗaga kantin JCPenney, nan take aka wurgo shi ƙasa. A shekarar ne sabon tsarin Panda ya rage darajar shafuka marasa nama, Penguin kuma ya biyo baya a 2012 kan mahaɗan bogi.

Tun 2019, da zuwan tsarin BERT, injin ya ƙara fahimtar jimla gaba ɗayanta. Misalin da kamfanin ya bayar shi ne ɗan Burazil da ke tambaya ko yana bukatar biza zuwa Amurka: a da sai a kawo masa bayanin Ba'amurke mai zuwa Burazil, yanzu ana gane wa ke tafiya ina. Wannan ya sauƙaƙa wa mai rubutun gaskiya, tunda ba sai ya karya harshe don injin ya gane shi ba.

Bayan wallafawa, sabon shafi kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya bayyana. Search Console na Google yana nuna wa mai shafin kalmomin da suka kawo masa mutane, da matsayinsa a kowace. Idan ya ga wata tambaya tana kawo shi shafi na biyu na sakamako alhali bai amsa ta sosai ba, sai ya koma ya ƙara mata sakin layi, ya kuma duba ko shafin yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya mai ƙarancin data.