Ɗaliban da Suka Maka Jami'arsu a Kotu Kan Takardun da Ta Hana Su

A ƙarshen watan Satumba na 2016 jaridar ɗalibai mai suna The Daily Tar Heel ta rubuta wa hukumar Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill, a Amurka, tana neman wasu bayanai: su wane ne ɗaliban da jami'ar da kanta ta samu da laifin fyaɗe ko cin zarafi irin wannan, wane laifi aka tabbatar musu, kuma wane hukunci aka yanke musu. Hukumar ta ce ba za ta bayar ba.

Jami'ar ta gwamnatin jiha ce, da kuɗin haraji ake tafiyar da ita, dokar jihar kuwa ta ɗauki takardun ma'aikatun gwamnati a matsayin mallakar jama'a. Kowa na iya neman ganinsu, ba sai ya faɗi dalili ba. Idan ma'aikata za ta hana, wajibi ne ta nuna inda doka ta ba ta damar hanawa.

Abin da hukumar ta riƙe shi ne wata dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ke kare sirrin bayanan ɗalibai. 'Yan Najeriya da dama sun ji labarinta a 2023, lokacin da Atiku Abubakar ya nemi takardun karatun Shugaba Bola Tinubu daga Jami'ar Jihar Shikago, duk da cewa shi ta hannun kotu ya bi tun farko. Dokar tana da amfani ƙwarai, domin ita ce ke hana makaranta bai wa kowa sakamakon jarrabawar ɗalibi ba da yardarsa ba. Sai dai 'yan jarida sun daɗe suna kukan cewa jami'o'i na fakewa da ita duk lokacin da aka tambaye su abin da zai zubar musu da mutunci.

A watan Nuwamba na shekarar jaridar ta shigar da ƙara, tare da wasu kafofin labarai na jihar, ciki har da The Charlotte Observer. Hujjarsu tana cikin dokar FERPA ɗin kanta: akwai sashen da ya halatta wa jami'a bayyana suna da laifi da hukuncin ɗalibin da aka samu da irin wannan laifi. Lauyoyin jami'a suka ce halattawa daban, wajabtawa daban, don haka zaɓi na hannun hukuma. Lauyoyin jarida suka amsa cewa tunda dokar tarayya ba ta hana ba, dokar jiha kuma ta wajabta, babu sauran zaɓi.

Damuwar jami'ar ba ta banza ba ce. Ta ce idan sunan mai laifi ya fita, mutanen da ke kusa za su iya gane wadda aka zalunta, kuma tsoron hakan zai sa wasu su haɗiye abin da ya same su, su ƙi kai ƙara. Duk wanda ya san yadda ake tsangwamar macen da ta fito ta yi magana, a can ko a nan, ba zai raina wannan batu ba. Amma ɓoyewar ma tana da nata lahani. Muddin komai na kulle a ofis, babu mai iya sanin ko korar mai laifi aka yi ko ɗan gargaɗi kawai aka yi masa ya koma aji, kuma hukumar da ake so a bincika ita ce ke yanke abin da za a gani.

Shari'ar ta ja lokaci. A 2017 alƙalin kotun farko ya bai wa jami'a gaskiya. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ranar 1 ga Mayu, 2020, Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa dole a saki bayanan, alƙalai 4 suka goyi baya, 3 suka ƙi. A watan Agusta jami'ar ta fitar da sunaye 15, na shari'o'in da aka yi tun daga 2007. Ta kuma garzaya Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ƙi sauraron ƙarar a ƙarshen shekarar. Kafin nan, yawancin ɗaliban da suka fara gwagwarmayar sun gama karatu sun bar makarantar.

Abin da ya taimake su shi ne taƙaita buƙata. A gaban kotu ba su nemi fayil ɗungurungum ba, ba su nemi sunan waɗanda aka zalunta ko na shaidu ba. Abubuwa ukun da doka ta ambata, tare da ranar laifin, kawai suka tsaya a kai.

A jihar Kentaki lamarin ya fi haka zafi, domin a 2016 Jami'ar Kentaki ce ta kai jaridar ɗalibanta, Kentucky Kernel, kotu, bayan babban lauyan jihar ya ce jami'ar ta saɓa doka wajen hana takardun binciken wani malami. A 2021 Kotun Ƙolin jihar ta ce bai isa jami'a ta ce "sirri ne" a dunƙule ba, sai ta bi takarda ɗaya bayan ɗaya ta nuna dalilin hana kowacce.

Najeriya ma tana da irin wannan makami. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011 ta shafi jami'o'in gwamnatin tarayya, irin su Ahmadu Bello da Bayero. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, idan kuma ta ƙi, sai ta bayyana dalili a rubuce. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya je kotu, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar naira 500,000.